Abin da zuciya ke so shi ke jan ƙafa

Mabiya addinin Kirista ƴan tsiraru ne a Nijar, amma a taskarsu akwai wani bayani game da halin ɗan Adam wanda ya kamata ƴan siyasarmu su saurara. Mai shi ɗan Afirka ne: Ogustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya kuma zama bishop na garin Hippo, wato Annaba.

A ganinsa, ba yunwa ko tsoro kaɗai ke motsa mutum ba. Ƙauna ce ke jansa, kamar yadda nauyi ke jan dutse zuwa ƙasa. Aibin yana ga jeri: mutum ya ɗora ƙaramin abu bisa babba, ya so kujera fiye da jama'ar da aka kafa kujerar dominta. Bayan an wawashe birnin Roma a 410, ya rubuta littafinsa Birnin Allah, inda ya nuna cewa sha'awar mallakar mutane kan koma ta mallaki mai ita.

A auna wannan da abin da ƙasar nan ta gani. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai. A 1993 ƙawancen AFC ya kai Mahamane Ousmane ga shugabanci, da sunan canji. A watan Satumba na 1994 faraminista Mahamadou Issoufou ya yi murabus, PNDS ta haɗa kai da MNSD, jam'iyyar da aka yi ƙawancen domin kayar da ita. Bayan zaɓen 1995 shugaban ƙasa da sabon faraminista Hama Amadou suka shiga ja-in-ja a kan taron ministoci da naɗin muƙamai, har Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da mulkin ranar 27 ga Janairu 1996.

Masu cewa kwaɗayin kuɗi ne kawai sun taƙaita zance. Babu mamaki kowanensu ya yi imani cewa ƙasa yake karewa, kuma nan ne Ogustin ya fi zurfi: son kai ya iya sanya rigar kishin ƙasa, har mai rigar kansa ya ruɗu.

Tsarin mulkin da aka amince da shi a Disamba 1992 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da faraminista, amma bai fayyace iyakar kowa ba idan sun fito daga ɓangarori masu hamayya. Masu rubuta shi sun dogara ga kyakkyawar niyyar shugabanni, abin da bishop ɗin Hippo ba zai taɓa yarda a gina doka a kansa ba.