Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Ajiyar Injin Gahawa da Filas ɗin Shayi

Akwai lokutan da kayan aikin gida da na ofis kan tafi hutu tare da masu su. Ɗalibin kwana ya kulle akwatinsa ya tafi dogon hutu. Magidanci a Ƙofar Jatau ya rufe turakarsa ya nufi aikin Hajji. Malamin jami'a ya ja ƙofar ofis da niyyar dawowa mako mai zuwa, sai ga yajin aiki irin na 2022, wanda ya faro a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. A irin wannan hali abin da akasarinmu ke yi shi ne mu ɗauraye abu sama-sama, mu rufe shi ruf, mu naɗe a leda, mu ce mun adana. A ganina wannan kiwo ne muka soma, sai dai abin da muke kiwatawa ido ba ya ganinsa.

Bari mu ɗauki misali mafi wahala, wato injin dafa gahawa da ake kira esfireso, irin wanda wasu malamai kan dawo da shi daga karatu a ƙasashen waje. Asalinsa daga Italiya ne, inda Angelo Moriondo ya yi rajistar wani samfurinsa na farko a birnin Turin a 1884. Na zamani yana da tankin ruwa, da 'yar tukunyar zafafawa, da famfon da ke tura ruwa mai zafin sama da digiri 90 ta cikin garin gahawa, da ƙarfin da ya ninka dannawar iskar duniya wajen sau 9. Cikinsa cike yake da siraran bututai waɗanda soso ba ya kai musu. Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan mutumin birnin Zazzau da wannan inji? To, ai duk larurar da ke cikinsa tana cikin filas ɗin shayi, da butar lantarki, da kula, da firjin da aka kashe aka rufe.

Bakteriya da fumfuna abu uku suke nema: danshi, da abinci, da ɗumi. Injin da aka ajiye ba a shanya ba ya haɗa musu duka ukun, domin ga ragowar ruwa a tanki, ga maiƙon gahawa da guntun madara. Wasu bakteriya, in sun sami yadda suke so, kan rabu biyu duk minti 20. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa, zai ga ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Kuma ba yawo kawai suke yi a ruwa ba. Sukan manne a jikin mazubi su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai kāre su. Shi ne santsin nan da hannu ke ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, kuma danginsa ne Antonie van Leeuwenhoek ya kankaro daga haƙoransa a 1683, ya duba da madubin ƙara girma ya ga halittu suna motsi. Ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an cuɗa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Balansiya ta Sifaniya sun duba farantin da ke tare ɗigon ruwa a wasu injinan gahawa, suka tarar da nau'o'in bakteriya da dama, duk kuwa da ɗacin gahawar.

Wani zai ce ai tafasasshen ruwa zai kashe su ranar da aka kunna injin. Gaskiya ne, amma a inda zafin ya ratsa kaɗai. Tankin da farantin ba sa zafi. Maiƙon da ya daɗe iska na dukansa kuwa ya riga ya lalace, kamar man gyaɗa da ya shekara a kwalba, zafi ba zai maido masa da ɗanɗano ba.

A nan ne ya kamata mu karanta littafin da ke zuwa da injin da hankalin mutumin Zariya. A ƙasashen sanyi abin tsoro shi ne ƙanƙara, domin ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, ya fasa tukunyar. Mu kuwa abokin gabarmu laimar damina ce, musamman ta Agusta, lokacin da ko takalmi a ƙarƙashin gado kan yi fumfuna. Leda tana tsare danshi, har ka ga ta yi gumi daga ciki. Da hunturu sai ƙura, ga kyankyaso mai son lungu, ga zanzaro da ba ya ganin rami ya bar shi bai cika da laka ba. Saboda haka murfin da ya dace shi ne ƙyallen auduga, ya tare ƙura da ƙwari, ya bar iska ta shiga. Kakanninmu ba su taɓa jin kalmar bakteriya ba, amma sukan kife ƙwarya a rana bayan wanki, su kuma ɗora rumbu a kan duwatsu don kada ya sha damshin ƙasa.

Aikin ba shi da yawa. A zubar da garin gahawar, a wanke duk abin da ke ciruwa da sabulu, a tsiyaye tanki da tukunya sarai. In akwai farin ɓawo mai kama da alli a ciki, wato kalsiyam kabonet da ruwa ke bari, ruwan lemun tsami na narkar da shi a buta, amma shi inji a bi abin da masu ƙera shi suka ce. A bar komai a buɗe kwana biyu ya bushe, a cire filogi, a ajiye a bisa, nesa da rana don kada robobin su tsattsage. Filas a bar murfinsa a gefe, firji a tokare ƙofarsa. Ranar dawowa a sake wanki, a zubar da ruwan farko da na biyu kafin a sha.

Ina roƙon malaman kimiyya su nuna wa ɗalibai wannan a aji maimakon su rubuta shi a allo. A sami yanka biyu na burodi, a shanya ɗaya ya bushe ƙayau, a yayyafa wa ɗayan ruwa, a ɗaure kowanne a ledarsa mai haske. Ɗalibai su riƙa zana abin da suka gani kullum har mako guda. Kada a kwance ledar da ta yi fumfuna, domin shaƙar ƙurarta na iya tayar wa mai asma da ciwonsa. A jefa ta shara a ɗaure.