Lamba a Jikin Kwale-kwale: Aiki Ya Yi Kyau, Amma da Sauran Rina a Kaba

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin nan yana can wata uwa duniya. Jinjinata ta yau ta wasu mutane ce da ba a cika tunawa da su ba idan ana lissafin masu tsare rayuka a kan ruwa: waɗanda suka kafa doka a Amurka cewa ƙaramin jirgin ruwa ba zai shiga kasuwa ba sai an buga masa lambar shaida a jikinsa, bugun da ba ya gogewa, da kuma maƙera da kafintocin da suke cika wannan umarni ba ha'inci. Aikin na 'yan mintoci ne. Haruffa da alƙaluma 12 ne kacal, wurin da suke ci bai wuce tafin hannu ba. Amma da su ake gano jirgin sata, da su ake kiran jirgin da aka ƙera da aibi ya koma gyara tun bai kife da mutane ba, da su kuma ake sanin wanda za a tuhuma idan tsautsayi ya faɗa.

A 1971 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kiyaye haɗurran ƙananan jiragen ruwa, ta ɗora wa rundunar tsaron gaɓar teku alhakin tsara ƙa'idojin ƙira. Daga 1 ga Nuwamba 1972, duk ƙaramin jirgin shaƙatawa da aka ƙera a ƙasar ko aka shigo da shi don sayarwa sai ya ɗauki wannan lamba, wadda suke taƙaita sunanta da HIN. Babban abin da ya dame su a lokacin shi ne aibin ƙira. Kamfani zai fitar da jirage ɗari masu tankin mai da ke yoyo, su watsu a jihohi, a rasa yadda za a bi sawunsu. Da lamba ta zo, sai ya zamana kamfani yana iya cewa daga jirgi kaza zuwa jirgi kaza a dawo da su, kuma doka ta tilasta masa ya sanar da waɗanda suka saya.

Inda na fi sara musu shi ne yadda suka bi abin dalla-dalla, ba su bar ƙofar kame-kame ba. Haruffa uku na farko shaidar maƙeri ce, hukuma ce take ba kowane kamfani nasa. Biyar na tsakiya lambar jirgin ce a jerin abin da kamfanin ya ƙera, kuma an hana sa I da O da Q a cikinsu, don kada ido ya rikita su da 1 ko 0. Huɗun ƙarshe, a tsarin da ake bi tun 1 ga Agusta 1984, su ne shekarun haihuwar jirgi. Harafi ɗaya na wata, daga A na Janairu zuwa L na Disamba, sai alƙalami ɗaya na shekarar ƙira, sai biyu na shekarar samfuri. Wanda ya ga lamba ta ƙare da H920 ya san an ƙera jirgin a watan Agusta na 2019 a matsayin samfurin 2020, ko dillali ya rantse masa cewa jiya aka fito da shi.

Wurin bugawa ma an ƙayyade shi. A allon bayan jirgi ne, inda ake ɗaura inji, ta waje, a ɓangaren dama, kada ta yi ƙasa da bakin allon fiye da inci biyu. Kwale-kwalen da ba shi da allon baya, a buga masa a gefen dama, cikin ƙafa ɗaya daga ƙarshensa. Tsayin kowane harafi kada ya gaza rubu'in inci. Sannan akwai lamba ta biyu, kwafin ta farko, da ake ɓoyewa a cikin jirgin, a wani lungu da ido ba ya kaiwa ko a ƙarƙashin wani ƙarfe da aka ɗaure. Ɓarawo zai iya kankare ta waje, amma sai ya san inda ta cikin take.

Ƙashin bayan dokar kuwa kalma ɗaya ce: dindindin. An yarda a sassaƙa, a ƙona, a buga da guduma, ko a zuba lambar tare da jikin jirgi tun wurin ƙira, muddin dai duk wanda ya taɓa ta zai bar tabon da za a gani. Idan a kan faranti aka rubuta, to a kafe farantin yadda cire shi sai ya ji wa jikin jirgin rauni. An hana buga ta a kan abin da ake iya kwancewa a sauya. Nan ne ta bambanta da lambar rajista da jiha take bayarwa, wadda ake liƙawa ko a rubuta da fenti a goshin jirgi. Waccan kamar lambar mota ce da ake ɗaurewa gaba da baya, tana sauyawa idan an sauya jiha. Wannan kuwa kamar wadda kamfani ya buga a jikin ƙarfen motar ce, tana nan har ranar da za a kai ta wurin 'yan gwangwan.

Wanda ya fi burge ni a cikin wannan lamari shi ne mutumin da ya ƙera jirginsa da hannunsa a bayan gida. Shi ba kamfani ba ne, don haka jiharsa ce take ba shi lamba, mai farawa da haruffan jihar da harafin Z, kamar FLZ a jihar Fulorida. Ya shafe watanni yana goge katako yana shafa masa mai har ya yi sheƙi, sai a ce ya sa ƙarfe a jikinsa. Zai zana haruffan da fensir tukuna, ya auna, ya sake aunawa, domin kuskure ɗaya ba ya gyaruwa sai da tabo. Idan katako ne, ya gasa ƙarfe ya bi zanen a hankali, hayaƙi na tashi, sannan ya cike ramin da danƙo mai hana ruwa shiga don kada ruɓa ta faro daga nan. Idan alminiyom ne, ya tokare bayan wurin da ƙarfe mai nauyi, ya ɗora hatimin harafi, ya buga sau ɗaya tak, domin bugu na biyu yana haifar da inuwa, harafi ya koma kamar an yi masa coge. Wannan mutum ya yarda a san shi da aikinsa. Ya sa hannu cewa idan jirgin nan ya ci amanar wani, ga wanda za a nema. A wajena wannan ita ce ainihin darajar lambar, kuma ita ta sa na ga ya cancanci a ɗaga masa hannu.

Amfanin ya fito fili. A 1973 mutum 1,754 suka rasu a haɗurran jiragen shaƙatawa a Amurka. A 2023 adadin ya sauko zuwa 564, alhali jiragen da ke da rajista sun haura miliyan 11. Rigunan kariya da hana tuƙi cikin maye da ƙa'idojin ƙira su suka ɗauki kaso mafi tsoka na wannan nasara, amma lambar ce ta ba hukuma damar bin kowane jirgi da tarihinsa. Turai ma ta bi sahu da lamba mai gurbi 14 da ke farawa da haruffa biyu na ƙasar maƙeri. Manyan jiragen teku kuwa suna da lambarsu mai alƙaluma bakwai ta hukumar sufurin teku ta duniya, wadda ta zama tilas tun 1996, kuma ba ta sauyawa ko an sauya wa jirgi suna da tuta.

Sai dai yabo ba ya hana faɗin gaskiya. Lamba a jikin jirgi rabin aiki ce, ɗaya rabin yana cikin littafin da ya haɗa ta da sunan mai shi. A jihohin Amurka da dama, kwale-kwalen da ba shi da inji ba a tilasta masa rajista. Yana ɗauke da lamba, amma ba ofishin da ya san na wane ne. Idan aka tsince shi yana yawo a kan ruwa ba kowa a ciki, dole masu ceto su ɗauka wani ya faɗa ruwa, su fito da jirage har da masu saukar ungulu, su yini suna nema, daga baya a gane iska ce ta kwance shi daga bakin gaɓa, mai shi yana gida. Shi ya sa rundunar tsaron gaɓar teku take raba wata takarda mai danƙo a manna a cikin jirgi, a rubuta suna da lambar waya. Dabara ce mai kyau, amma ta nuna inda aka bar giɓi. Haka kuma an shafe shekaru ofisoshin rajista suna kwafe lamba daga takarda zuwa takarda ba wanda ya je ya duba jikin jirgin, har kurakurai suka taru, ɓarayi suka sami mafaka. Sai daga 2017 aka wajabta wa jihohi su tabbatar da ingancin lambar. Nauyin da ya rage a kansu shi ne su kai rajista ga ƙananan jiragen nan, su kuma koya wa mai saye ya durƙusa ya karanta lambar da idonsa, ya shafa ya ji ko an yi mata ciko, kafin ya miƙa kuɗi.

Wannan magana ta shafe mu fiye da yadda ta shafe su. Jiragensu na hutu ne da kamun kifin nishaɗi. Namu na fito ne, su ne motar kasuwa da ta gona da ta biki a Yawuri da Borgu da Mokwa da Lokoja da Ibi. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin katako ya tashi daga jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150, ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni 2023 sama da mutum 100 'yan biki suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan kowane irin wannan rashi tambayoyin iri ɗaya ne: jirgin wane ne, wa ya ƙera shi, shekararsa nawa a ruwa, mutum nawa ya kamata ya ɗauka?

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita doka ta ɗora wa rajistar jirage da duba lafiyarsu. Ta cancanci nata yabon. An fito da kundin ƙa'idojin sufurin ruwa mai hana lodin wuce kima da tafiyar dare, an tura jami'ai tashoshin ruwa, an raba dubban rigunan kariya a jihohin da ke bakin kogi. Masu jiragen da suka kai kansu aka yi musu rajista, alhali suna ganin wasu na aiki ba ita, su ma a gaishe su. Ministan harkokin teku Adegboyega Oyetola ya yi kira a bar jiragen katako a koma na faiba da alminiyom. Manufa ce mai kyau, amma kafin ta tabbata, jirgin katako ne zai ci gaba da kai mata kasuwa gobe da jibi, kuma shi ne ya fi bukatar a san shekarunsa.

Saboda haka ina roƙon hukuma ta ɗauki darasin nan na dindindin. Lambar fenti rana da ruwa suna cinye ta, kuma gwangwanin fenti ɗaya ya isa ya mayar da ruɓaɓɓen jirgi ango, a tura shi wani mashigi inda ba a san tarihinsa ba. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. A ba kowane kafintan jirgi haruffan shaidarsa, ya ƙona su a jikin katako ranar da ya gama aiki, tare da shekarar ƙira da adadin mutanen da jirgin zai iya ɗauka, a wuri ɗaya da kowa ya sani, da kwafi a ɓoye a ciki. A sauƙaƙa kuɗin rajista, kuma jami'i ya je bakin ruwa ya same su, domin mai fito da ke neman na cefanen yau ba zai bar jirginsa ya tafi birni neman ofis ba. Idan lamba ta zama hanyar tatsar talaka, gudunta za a yi.

Sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu jirage su ne suka san kowane jirgi da mai shi. A damƙa musu littafi a kowane mashigi: lambar jirgi, sunan matuƙi, ranar da aka duba shi, da adadin waɗanda suka shiga kafin ya tashi. Jirgin da ba lamba kada ya yi lodi. Wanda shekarunsa suka ja a fito da shi tudu a ƙwanƙwasa katakonsa. Mu fasinjoji ma da namu nauyin: mu duba, mu tambaya, idan an rubuta mutum 40 muka ga ana neman cusa 80, mu sauko mu jira na gaba, ko kasuwa za ta watse.

Allah ya saka wa duk maƙerin da ya yarda ya sa shaidarsa a kan aikinsa, da jami'in da ya duba ta tsakani da Allah, da sarkin ruwan da ya hana jirgi tashi don ya ga ya cika. Allah ya ba hukumominmu ikon kai wannan aiki kowane mashigi, daga Kwara zuwa Binuwai har tafkin Chadi, ya kuma tsare matafiyanmu a ruwa da tudu.