Darasin Fagen Fama Ga Mazauna Hanyar Falgore

Ya kai mai karatu, likitocin sojan Amurka sun bi diddigin dakarunsu 4,596 da suka mutu a Iraƙi da Afganistan daga 2001 zuwa 2011. Sun gano cewa kusan tara cikin goma sun cika ne tun kafin a kai su asibiti, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan ana iya ceto su. Abin da ya fi kashe waɗanda ake iya cetowa shi ne zubar jini.

Wannan darasi ya shafe ka kai tsaye. Wanda harsashi ya sama a dajin Falgore, ko mota ta kife da shi tsakanin Tudun Wada da Doguwa, ko a Kwanar Dangora, halinsa ɗaya da sojan da ya faɗi a daji: likita na nesa, ransa kuwa, bayan ikon Allah, yana hannun wanda ya fara isa gare shi.

Kurakuranmu sanannu ne. Mukan zuba ƙasa ko toka a rauni, mu zare wuƙar da ta nutse, mu ɗura wa mai rauni ruwa alhali wataƙila tiyata ke jiransa. Ka guji duk waɗannan. Danne raunin da tsumma mai tsabta da iyakar ƙarfinka. Idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, ɗaura ƙyalle mai faɗi, kamar rawani, yatsu uku sama da raunin, kada ya hau gaɓa, ka murɗa da sanda har jinin ya tsaya. Kada ka sassauta don tausayi, kada ka ɗaure da waya. Rubuta lokacin da ka ɗaura, ka lulluɓe shi, domin sanyi yana hana jini daskarewa. A asibiti ka faɗa wa ma'aikaci lokacin, da duk maganin da aka ba shi.

Ka kuma san haƙƙinka: dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti karɓar mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

A ganina, ya kamata ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su koyar da direbobin tasha, 'yan sintiri da matan gida wannan aiki, kamar yadda ake koya wa kowane soja tun kafin ya fita. Kai ma kada ka jira ranar. Nemi ma'aikacin lafiya na garinku ya nuna maka ɗaurin da hannunsa. Allah Ya tsare mu.