A Duba Dillali Kafin A Dubi Mota

Duk ɗan'uwanmu mazaunin kurmi da ya biyo ta Abuja a hanyarsa ta zuwa gida yin Salla, ya ga irin motocin nan na Amurka masu rurin zaki da samari ke gudu da su a Maitama da Wuse: Ford Mustang da Dodge Challenger da Chevrolet Camaro. Sau da yawa mutum ya shekara goma yana tara abin da Allah Ya hore masa a Agege ko Mile 12 ko Sabon Badun, sai ganin yini guda ya sa masa ƙwaɗayi. Ba mu ce kada mai hali ya hau abin da ransa ke so ba. Abin da muke jawo hankali a kai shi ne, kyan mota na ranar ciniki ne, amma halin dillali shi za a zauna da shi shekara da shekaru.

Dattawanmu sun san haka. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, Fijo 504 ta mamaye ƙasar nan, har gwamnati ta mai da ita motar ma'aikatanta. Ba wai ta fi kowace mota ƙarfi ba ne. Asirinta shi ne, in ta tsaya maka a Lakwaja ko a Funtuwa, akwai bakanike da ya san cikinta, akwai kuma kayan gyaranta a kanti. Wanda ya saya sabuwa a hannun wakilin kamfani yana da takardar garanti, yana kuma da garejin da zai koma ya kai kuka.

To, a auna wannan da waɗancan motoci. Injin fetur na 504 da aka harhaɗa a Kaduna bai wuce lita 2 ba, silinda 4. Mustang GT kuwa lita 5 ce, silinda 8. Challenger R/T lita 5.7 ce, filoginta kaɗai 16 ne, biyu ga kowace silinda. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai irin wannan mota ya san abin da tafiyar fiye da kilomita 700 daga Ikko zuwa Abuja za ta ci masa. Ga ta kuma da ƙasa-ƙasa, ba ta son rami. Bugu da ƙari, an daina ƙera Challenger da Camaro a ƙarshen 2023. Kayan gyaransu ba su ƙare a duniya ba, amma abin da mai Corolla zai samu nan take a Ladipo ko a Apo, mai Challenger kan jira a aiko masa daga Amurka, a kan farashin dala, mota tana jibge tana shan ƙura.

Wani abin lura kuma, yawancinsu tokumbo ne, kuma da dama daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci a Amurka ake sayo su, a yi musu kwaskwarima da fenti. Mai saye ta hoto a waya, ya aika kuɗi daga Fatakwal ko Anacha ba tare da ya gani ba, cinikin biri a sama ya yi.

Saboda haka, kafin a miƙa ko kwabo, sai a yi wa dillali tambayoyi. Ya ba da lambar jikin mota, mai haruffa da alkaluma 17, a bincika tarihinta ta intanet. Ya nuna takardun kwastan na gaske. Ya yarda ka zo da bakanikenka ya sa mata na'urar bincike, ka kuma tuƙa ta da kanka. Ya faɗi garejin da zai riƙa yi mata sabis, da inda kayan gyara za su fito, da kwana nawa za su ɗauka. Alkawarin garanti kuma a rubuta shi a sa hannu gaban shaidu. Dillalin da ya ɓata rai don an tambaye shi, ya riga ya nuna maka yadda zai karɓe ka ranar da giya ta ƙi shiga.

Hukuma ma tana da nata aikin. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC, kuma hedkwatarta a Abuja take. Ya kamata ta sa ido a filayen sayar da motoci da ke ƙarƙashin hancinta, ta tilasta wa dillalai bayyana tarihin kowace mota a rubuce. Dillalai masu gaskiya, waɗanda suna nan da yawa, su za su fi kowa cin ribar haka.

'Yan'uwa, dukiyar da aka tara da gumi a baƙon wuri tana da masu haƙƙi a gida. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba. In an sami dillali mai amana da bakanike mai sani, a saya, Allah Ya sa alheri. In ba a samu ba, haƙuri ya fi. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.