Kwanon Abinci Ba Abin Kunya Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka tun ranar da muka fara rataya kwat, kuma lokaci ya yi da za mu dube ta da idon basira. Da zarar azahar ta yi sai ofis ya zama kufai. Kowa ya fita neman abinci, an bar talakan da ya taso tun daga ƙauye da takardarsa zaune a kan benci har la'asar. Kafin wata ya raba, albashi ya ƙare, sai rubuta bashi wurin mai abinci. Amma ka ce wa ɗayanmu ya riƙo kwano daga gida, nan da nan zai ce ai shi ba lebura ba ne. Girman kai rawanin tsiya!

To, mu dubi Japan, ƙasar da muke alfahari da hawan motocinta. A can, injiniyan da ke zana motar ba ya jin kunyar fitowa da ɗan akwatin abincinsa, wanda suke kira bento. Akwati ne mai rabe-rabe: shinkafa a gefe guda, kifi ko nama ko naɗaɗɗen ƙwai a wani gefen, sauran wurin kuma kayan lambu. Masana abinci a can suna koyar da awo mai sauƙi: kashi 3 shinkafa, kashi 1 nama ko kifi, kashi 2 kayan lambu. Ana barin abincin ya huce kafin a rufe, domin tururin da ke taruwa a murfi shi ke saurin lalata shi. Sannan a ɗaure akwatin a ƙyalle, a kama hanya.

Ba mu ce tsarin nasu ba shi da aibi ba. Shekara da shekaru mata ne ke tashi da asuba suna wannan aiki. Amma a 2001 wani shugaban makarantar firamare a lardin Kagawa, Takeshita Kazuo, ya ware ranar da yara, maza da mata, za su shirya bento da hannunsu, iyaye ba sa taɓawa, kuma makarantu da yawa sun bi sahunsa. Yaron firamare ya iya, mu da muke taƙama da digiri ba mu iya ba? Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya koma gida ya ƙara wa matarsa ko ƙanwarsa aiki. Ya tashi ya hura wuta.

Kuma ba sai mun ari shinkafarsu ko tsinkayen cin abincinsu ba. Fatakenmu ba su taɓa kama hanya ba tare da guzuri ba, manomi kuma a gona yake cin abincinsa ba tare da ƙasƙanci ba. Muna da dambu, muna da kwaɗon zogale, muna da dafaffen ƙwai. Abin da muka rasa shi ne ƙarfin halin ɗaukar kwano a gaban abokai.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu ci namu a wurin aiki, mu koma kan tebur, mu sallami mutumin da ke jira a kan benci.