A Gwada Iri a Ƙasar da Za a Shuka Shi

Kowane manomi ya sani irin dawar da ya yi kyau a wata ƙasa ba lallai ne ya yi kyau a tasa gonar ba. Saboda haka ne ake gwada sabon iri a gonakinmu kafin a raba wa jama'a. To, 'yan'uwa, haka zancen yake ga binciken da masana ke yi a kan cututtukan da ke bin jini.

Akwai ƙananan ƙwayoyin gado a jikin kowa, waɗanda ya samu daga uwa da uba. Ciwon sikila daga ƙwaya guda yake fitowa, gane shi kuwa ba wuya. Amma hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda ba haka suke ba. Ƙwayoyi masu yawa ne ke haɗuwa, kowace da ɗan nata ƙarfi, sa'an nan abinci da aiki da shekaru su ƙara nasu. Ba a iya gane irin wannan sai an gwada jinin dubban mutane, masu ciwo da masu lafiya.

A Turai an yi haka. Daga 1996 wani kamfani a Aisland ya soma tattara jinin mutanen tsibirin, a Birtaniya kuwa tsakanin 2006 da 2010 mutum 500,000 suka ba da jininsu ga ma'ajiyar UK Biobank. Amma da aka yi lissafi a 2016, sai aka tarar kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka bincika a duniya Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 3 kaɗai. Watau an gwada iri a gonar wani. Awon da aka gina a kan jinin Turawa yakan yi kuskure idan an auna mu da shi.

Ga misalin abin da muke asara. A 2010 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma. Yana tsare mutum daga wani irin ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. A 2024 masanan shirin H3Africa suka tabbatar da haka bayan sun gwada mutum fiye da 8,000 a Nijeriya da Gana. Da an tsaya ga jinin Turawa, da ba a gano shi ba, gama kusan babu shi a cikinsu.

Wani zai ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu." Gaskiya ne. A 1996, lokacin sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani a kan yara wajen 200, iyaye kuwa suka ce ba a yi musu bayani ba. Amma maganin wannan shi ne buɗe ido, ba rufe ƙofa ba.

Ra'ayina ke nan: idan masu bincike sun zo, kada mu kore su, kada kuma mu miƙa hannu a makance. Ƙungiya ta zauna da su, ta yi tambaya da Hausa. Ina za a ajiye jinin? Wa zai ga sunayenmu? Hukumar lafiya ta yarda? In an tarar da ciwo a jikin wani, za a gaya masa a kuma taimake shi? Wanda bai so ba, kada a tilasta shi.

Kafin su zo kuwa, gado ba hukunci ba ne. Wanda akwai hawan jini a gidansu ya rage gishiri, ya riƙa zuwa awo a asibiti. Iri daga iyaye yake, amma kulawa da gona aikinmu ne.