Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ruwa da Gandun Daji, Bangui

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka daga unguwar Kilomita Biyar a kan sha'anin dashen itatuwa a gaɓar kogin Ubangi, domin tun ambaliyar shekarar 2019, wadda ta fitar da dubban bayin Allah daga gidajensu, babu mai hankalin da zai musa cewa gaɓar nan tana bukatar saiwoyin da za su riƙe ƙasarta.

Ba ni da ƙiyayya da baƙon itace, gama mangwaron da dattawanmu ke zama a inuwarsa bayan sallar La'asar asalinsa daga Indiya yake, haka kuma darbejiyar da ta lulluɓe titunan Kano da Maraɗi. Sai dai akwai ƙissar da ta cancanci tadabburi. A shekarar 1906 Turawan mulki suka kawo wata irin kwakwa mai suna nipa daga Singafo, suka dasa ta a Kalaba da niyyar tsare bakin teku daga zaizaya. Amma da yake 'ya'yanta ba su nutsewa, igiyar ruwa ta yi ta ɗibarsu daga wannan mashigi zuwa wancan, har ta mamaye wuraren itatuwan asali waɗanda kifi ke hayayyafa a cikin saiwoyinsu, ta ƙetara Kamaru, kuma yau, bayan shekara ɗari da ɗoriya, masunta ne ke biyan bashin da ba su ci ba. Mu nan ma ba sai an ba mu labari ba: a tambayi Fulani makiyaya abin da baƙuwar ciyawar nan da ake kira Bokassa ta yi wa makiyayarsu.

Malamanmu na fiƙihu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan janyo maslaha. Saboda haka nake roƙonka, duk irin da aka kawo daga ƙetare, ko da kyauta ne (kuma kyautar ta fi wuyar mayarwa), a killace shi a gonar gwaji nesa da ruwa, a ga yadda yake yaɗuwa cikin damina da yawa kafin ya taɓa gaɓa, tun da kogi ba ya tambayar iri inda zai sauka. Kafin nan ga rimi, ga kwakwar manja, waɗanda ƙasar ta san su, a fara da su, a kuma shawarci masunta kafin a haƙa rami.

Allah ya taimake ka a kan wannan amana.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Kilomita Biyar, Bangui